Yadda ake tsara shugabanci a wurin gobara

Ba zan tsaya kan haɗa mesa da famfo ba, duk wanda ya fito daga horo ya san wannan. Inda sabbin jami'an kwana-kwana ke faɗuwa shi ne rashin sanin wa ke ba da umarni, kuma wa yake ba wa.

Tsarin da hukumomi da yawa ke koyi da shi daga Kalifoniya ta Amurka ya fito. A 1970 wutar daji ta yi kwana 13 tana ci a kudancin jihar, mutum 16 suka rasu, gine-gine sama da 700 suka ƙone. Da aka zauna bincike, sai aka ga kowace hukuma ta zo da shugabanta, da kalmominta, da tashar oba-obarta, ba mai jin wani. Daga nan aka kafa shirin FIRESCOPE, wanda ya haifi tsarin ba da umarni a wurin haɗari da ake kira ICS.

Mataki na farko: babban jami'in motar da ta fara isa shi ne kwamanda, komai ƙanƙantar muƙaminsa. Ya ɗauki oba-oba ya faɗa kowa ya ji: na isa, bene ne hawa biyu, hayaƙi na fita ta tagar sama, ni ke riƙe da umarni, ina tsaye a bakin ƙofar gaba. Sannan ya zaga ginin da ƙafarsa, ya duba wayar lantarki, tukunyar gas, da ƙofar baya. Kada ya taɓa mesa. Akwai masu koyar da cewa yana iya shiga da yaransa idan wutar ƙarama ce. Ni ban yarda ba, sai in rai za a ciro. Wanda ke cikin hayaƙi ba ya ganin rufin da ya fara lanƙwasa.

Na biyu, a raɗa wa ɓangarorin gini suna. Gaba A ne, hagunka idan kana fuskantar ginin B, baya C, dama D. Kowane ɓangare da shugabansa. Mutum ɗaya kada ya kula da fiye da bakwai kai tsaye. Biyar ya fi. Da sun wuce haka, a raba.

Na uku shi ne miƙa ragama, kuma a nan ne na fi ganin aiki yana watsewa. Oga ya iso bayan minti ashirin, ya sauko daga mota, kafin ya tambayi komai ya fara nuna hannu: ku kai ruwa can, ku hau sama. Ƙaramin jami'in kuma, don kunya da girmamawa, ya ja baya ya yi shiru, alhali shi kaɗai ya san akwai mutum biyu a hawa na sama. Sai ka ga an zuba ruwa mai ƙarfi daga waje ta taga, abin da ka iya jefa waɗanda ke ciki cikin haɗari. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Isowar babba ba ta mayar da shi kwamanda har sai an yi bayani ido da ido. Ƙaramin ya matsa ya ce: "Yallaɓai, wutar daga shagon baya ta taso, mutum biyu na sama, an yanke lantarki, tanka ɗaya ta kusa ƙarewa, na nemi ƙari." Babban ya maimaita abin da ya ji, ya ce ya karɓa, sannan a sanar a oba-oba cewa umarni ya koma hannun wane. Minti ɗaya ya isa. Idan kuma ƙaramin yana tafiyar da aikin daidai, babban yana iya barinsa a kai ya tsaya gefensa yana taya shi. Wannan ba raini ba ne.

Haka abin yake tsakanin hukumomi. A babbar gobarar kasuwa, irin wadda ta ci Sabon Gari a Kano a 2016, 'yan kwana-kwana kaɗai ba sa isa, dole a nemi 'yan sanda da masu ɗaukar marasa lafiya. Shugabanninsu su tsaya wuri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. A harin 11 ga Satumba 2001 a New York, jiragen 'yan sanda masu saukar ungulu sun ga halin da benen World Trade Center da aka kai wa harin ke ciki, amma labarin bai kai ga shugabannin kwana-kwana ba. Jami'an kwana-kwana 343 ne suka mutu a ranar.

Sauran muƙaman kwamanda ne ke naɗa su gwargwadon girman wuta. Fara da jami'in kare lafiyar ma'aikata, wanda ke da ikon tsayar da duk aikin da ya ga zai ci rai ba tare da neman izini ba. Sai mai rubuta wa ya shiga, da ƙarfe nawa, wa ya fito. Wannan ba ya bukatar kuɗi, allo da alli sun wadatar. Motocin da suka zo daga baya su jira a wuri guda nesa kaɗan, kada su toshe wa tankar ruwa hanya. Mutum ɗaya ne zai yi magana da 'yan jarida. Masu tsara shiri, masu kawo mai da abinci, da masu lissafin kuɗi, sai wutar da za ta kai dare ake naɗa su.