Yadda na gyara lissafin gangaren da ya ƙi zama a PLAXIS

Kwana uku ina fama da wani gangare mai tsayin mita 12 a PLAXIS 2D, manhajar lissafin ƙarfin ƙasa, ma'aunin aminci (lambar da ke nuna nisan gangaren da zamewa) yana ba ni 1.1 alhali wata manhajar, SLOPE/W, da hanyar lissafi ta Bishop 1.4 yake nunawa, kai har na fara zargin kwamfutar wallahi. Da na zuƙo hoton zamewar sai na ga ashe 'yar fatar yashin sama ce kawai ke sulluɓewa, don na bar danƙon ƙasar a sifili. Na sa masa 1 kPa (kilopascal, ma'aunin ƙarfi), na ƙanƙanta ragar da manhajar ke rarraba ƙasar da ita a gindin gangaren, matakan lissafin ma na ɗaga su daga 100 zuwa 300 don layin jadawalin ma'aunin amincin bai kwanta ba tukuna. Ya tsaya a 1.37. Yanzu oga ya ce in sake gudanar da lissafin da ruwan ƙasa na damina kafin in tura.