Yadda Ake Kallon Haɗuwar Giwa da Kada a Bakin Ruwa

Tun da wayoyin hannu suka cika gari, da wuya mutum ya zauna a majalisa a nan Sakkwato na tsawon mako ba a miƙo masa bidiyon kada ya cafke hannun giwa ba, giwar tana ruri tana ja da baya, ruwa yana tashi sama. Da yawa daga cikin ɗalibaina sun ɗauka haka dabbobin nan biyu suke kwana su tashi, kullum cikin arangama. Alhali irin wannan karo ba ya yawan aukuwa, kuma duk wanda ya shiga daji domin shi kaɗai zai dawo da takaici. Abin da ke gudana kullum a mashaya shi ne auna juna cikin shiru, giwa tana neman ta sha ba tare da ta yi asarar ɗanta ba, kada kuma yana lissafin abin da ya fi ƙarfinsa da wanda bai fi ba. Wannan awon ne nake so mai karatu ya koyi kallonsa, kuma yana da matakai.

Mataki na farko shi ne zaɓen wuri. Giwa ta daɗe da barin bakin gulbin Rima da na Sakkwato, duk da cewa kada bai ɓace daga bakin Sarkawa ba, kuma a shekarun baya wasu giwaye sun ɓullo a yankin Koko/Besse na jihar Kebbi har jama'a suka riƙa tururuwar zuwa kallo. Dajin da ya fi kusa da mu mai tarin giwaye shi ne gandun W, wanda ya ratsa Nijar da Benin da Burkina Faso, aka kuma raɗa masa wannan suna saboda yadda kogin Kwara ya lanƙwashe a wurin kamar harafin W. Sai dai rashin tsaro ya addabi yankin, kuma ba na ba kowa shawarar ya kai iyali ko ɗalibai can a halin da ake ciki. Wurin da ya rage mana a cikin gida shi ne gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa maziyarta a 1962. Kogin Gaji ne ya ratsa tsakiyarsa, kuma a bakinsa giwa da kada suke haɗuwa. Wanda Allah ya hore wa zai iya wucewa kogin Luwangwa a Zambiya, ko Cobe a Botsuwana, ko Shire a Malawi, inda giwaye da kadoji suka fi namu yawa nesa ba kusa ba.

Akwai abin da ya kamata a sani tun daga gida. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2011 ya tabbatar da cewa abin da aka daɗe ana kira kadan Nilu jinsi biyu ne. Na gabashi da kudancin Afirka shi ne ƙaton, wanda namijinsa kan kai mita 4 zuwa 5, kuma shi ne a yawancin bidiyoyin da muke gani. Na yammacin Afirka bai kai shi girma da zafin kai ba, shi ya sa ake iya zama kusa da shi a tafkunan Paga a Gana da Bazule a Burkina Faso. Saboda haka a dazuzzukanmu kada ya fi saurin kauce wa giwa. Wannan kuwa ba lasisi ba ne na raina shi, domin ƙaramin kada ma ya isa ya ja mutum cikin ruwa.

Mataki na biyu shi ne zaɓen lokaci, kuma a nan ne yawancin mutane suke kuskure. Da damina ruwa yana ko'ina, ciyawa ta rufe ido, giwaye sun bazu cikin daji ba su da buƙatar kogi. Sai rani ya yi nisa, daga wajen Janairu zuwa Afrilu, tafkuna sun ƙafe, sannan kowace dabba take komawa kogi dole. Babbar giwa tana iya shan lita 100 zuwa 200 a yini, don haka da bazara ba ta nisa da ruwa. Zafin zai yi tsanani, amma Basakkwace da ya saba da ranar Afrilu ba zai ji baƙon abu ba. Zuwa Yankari tafiyar kwana biyu ce idan ana so a yi ta cikin natsuwa: a bar Sakkwato bayan asuba, a yi tafiyar rana kawai saboda halin da hanyar Gusau zuwa Funtuwa take ciki, a kwana a hanya, washegari a bi ta Bauchi a ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, daga nan a karkata zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar kimanin kilomita 40 a cikin daji. A ware aƙalla kwana uku a can, domin mai kwana ɗaya sa'a kawai yake nema.

Guzurin ba shi da yawa: madubin hangen nesa, littafi da alƙalami, ruwan sha mai yawa, da tufafi masu launin ƙasa. A ajiye farar shadda da turare a masauki, saboda giwa ba ta da kaifin ido sosai amma hancinta da kunnenta ba su da na biyu. Abin da ba a shiga daji babu shi shi ne ɗan jagora daga ma'aikatan gandun. Shi ya san mashayar da garke ya bi jiya, shi ne zai dubi kashin giwa ya ce na safiyar yau ne ko na shekaranjiya, kuma maganarsa ita ce ta ƙarshe a kan inda mota za ta tsaya da lokacin da za ta tashi.

Mataki na uku shi ne zama. A isa mashaya tun kafin dabbobin su iso, a tsayar da mota a kan tudu inda ake hango gaɓar ruwa, gabanta yana kallon hanyar fita, kuma a tabbata ba a tare turbar da giwaye suke saukowa ta kai ba. Ana gane turbar da faɗinta, da manyan sawu masu kama da faifai, da rassan da aka kakkarya a gefenta. Daga nan a duba iska. Jagoranmu ya ɗebi ƙura da yatsu ya sake ta, muka ga ta nufi kogi, nan take ya ce wa direba, “Malam, mu koma can ƙasa, in muka tsaya nan warinmu zai riga mu isa wurinsu.” Iskar ta riƙa busowa daga wajen ruwa zuwa gare ku, wannan ita ce ƙa'idar. Sai a kashe inji, a rufe ƙarar waya, a yi shiru.

Mataki na huɗu shi ne wanda na fi so a daɗe a kansa, wato ƙirga kadoji kafin giwa ta zo. Kada ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, saboda haka da hantsi yakan fito kan yashi ya sha rana, idan zafi ya yi yawa ya wangale baki domin ya huce, ko ya sulale ya koma ruwa. Na kan yashi ba shi da wahalar gani. Na cikin ruwa ne aikin, domin Allah ya jera masa idanu da kunnuwa da ƙofofin hanci a saman kai, ta yadda zai nutsar da jikinsa gaba ɗaya ya bar 'yan ƙulle-ƙulle kawai a saman ruwa. Ka bi gaɓar da madubi a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kana tuhumar kowane gungume. Gungumen gaske yana bin ruwa, amma wanda ya tsaya cak a wuri ɗaya, ko yake matsawa saɓanin inda ruwa yake gangarawa, ko ya ɓace ya sake ɓullowa kusa da mashaya, wannan kada ne. Idan ka ga kansa sosai, ka ƙiyasta tsawon kan ka ninka sau bakwai, za ka sami kusan tsawon jikinsa duka. Ka zana gaɓar a littafinka ka sa alama a inda kowanne yake, domin da zarar garke ya iso ba za ka sami sukunin nema ba. Ka kuma lura da ƙananan dabbobi. Gwambaza ko mazo da ya zo sha ya riƙa tsoma baki yana zabura da baya yana gaya maka abin da idonka bai gani ba. Kada yana iya daɗewa ƙwarai a ƙarƙashin ruwa idan ba ya motsi, kuma fatar muƙamuƙinsa tana da 'yan ɗigo-ɗigo masu jin motsin ruwa komai ƙanƙantarsa, don haka ruwan da ya kwanta luf ba shaida ba ne cewa babu kowa a ciki.

Mataki na biyar shi ne karanta garken. Sau da yawa kunne ne yake fara sanar da kai, ƙarar reshe ya karye, ko wani gurnani mai zurfi kamar cida daga nesa. Garken iyali tsohuwar uwa ce take jagorantarsa, da 'yan'uwanta mata da 'ya'yansu, shi kuwa toron giwa yakan yi yawonsa shi kaɗai ko tare da wasu mazan. Ka sa ido a kan uwar garken. Ranar da na fi samun abin da nake so, ta tsaya a bakin kurmi ta ɗaga hannunta sama tana juya bakinsa kamar mai laluben wani abu a cikin iska, sauran suka tsaya a bayanta ba mai motsi. Sai da ta gamsu ta sauko. Kadoji biyu da na yi wa alama a kan yashi suka sulale cikin ruwa tun tana da sauran tazara, ko fantsama ba su yi ba. Ita kuma da ta iso ba ta fara da sha ba, sai ta taka cikin ruwan, ta kaɗa hannu ta bugi samansa, ta girgiza kai kunnuwanta suka yi fafat, sannan manyan suka jeru a gaba suka bar ƙananan a tsakanin ƙafafunsu.

A kan ƙananan nan ne duk lissafin yake. Giwa tana ɗaukar ciki wata 22 ta haifi ɗa mai nauyin kilo 100 ko fiye, kuma yakan ɗauki watanni kafin ya iya sarrafa hannunsa, shi ya sa za ka ga jariri ya durƙusa ya kafa baki a ruwa kai tsaye. Wanda yake iya wucewa ta ƙarƙashin cikin uwarsa bai cika shekara ba, kuma shi ne ƙaton kada zai iya yi wa illa. Toron da ya kai tan 6 ya fi ƙarfin kowane kada.

To me ya sa ake ganin kada yana kama babbar giwa? Kada maharbin kwanto ne, abin da ya motsa ruwa kusa da bakinsa shi yake kai wa cafka, kuma bakin hannun giwa a cikin ruwa mai laka bai fi girman kifi ko bakin barewa ba. Idan Allah ya sa hakan ta auku a gabanka, ka zauna inda kake, kada ka yi ihu, kada a tayar da mota da gaggawa, kada kuma wani ya yi tunanin kai ɗauki. Abin yakan ƙare cikin ɗan lokaci kaɗan. Giwar za ta ja da baya ta fizgo kadan zuwa tudu, ta yi ta wujijjiga shi, wani lokaci ta durƙusa a kansa ko ta kai masa haure, sauran garken kuma su rufo da ruri. Yawanci yakan saki ya koma ruwa, wani lokaci ya rasa ransa a ƙarƙashin ƙafarta. Ita ma ba ta tsira lafiya kullum ba, domin hannun nan tsoka ce zalla babu ƙashi, da shi take sha da ci da shaƙar numfashi, kuma ana samun giwaye masu guntulallen hannu, wasu sanadin kada, wasu sanadin tarkon waya na mafarauta.

Haɗarin da ke kanka ya fi yawa bayan karon, lokacin da garke ya fusata yana neman wanda zai huce a kansa. Giwar da ta baza kunnuwa ta ɗaga kai tana ruri tana watsa ƙasa gargaɗi take yi, kuma amsarsa ita ce a ja da baya a hankali. Wadda ta manne kunnuwa a wuya, ta naɗe hannu, ta sunkuyar da kai ta taho babu kuka, da gaske take. Toron da ruwa yake tsiyaya daga gefen kansa tsakanin ido da kunne, fitsari yana ɗiga a ƙafafunsa na baya, yana cikin lokacin zafin sha'awa da faɗa, a ba shi wuri tun daga nesa. Kada a shiga tsakanin uwa da ɗa ko da a mota ne. Kada a sauka yin alwala ko wanke fuska a bakin kogi, a yi da ruwan jarka. Na taɓa ganin wani matashi a cikin tawagarmu ya ɗauki dutse zai jefi kada domin ya motsa a ɗauki hoto, dattijon jagoranmu ya riƙe hannunsa ya ce, “Ɗana, gidansa ka zo.” Wurin da macen kada ta haƙa yashi ta binne ƙwai ya fi ko'ina haɗari, saboda tana gadinsa kusan wata uku har su ƙyanƙyashe.

Idan garke ya gama sha ya juya, kada ka yi saurin tashi. Ka jira ya shige kurmi, sannan ka koma kan zanenka ka ga minti nawa kadojin suka ɗauka kafin su sake fitowa, da ko sun koma wuraren da suka bari. Ka rubuta kwanan wata, da sa'a, da yawan manya da ƙanana, da inda iska take busowa, da abin da uwar garke ta yi kafin ta sha. Ka karanta wa jagoranka abin da ka rubuta ya gyara maka ƙirgen, domin idonsa ya fi naka sabo, sannan ku kama hanyar sansani tun rana ba ta faɗi ba.