Babi na Biyar: Idan Tabulet Ta Cika da Fina-finai

Darasi na 1: Duba wurin da ya rage

Ku ɗauko tabulet ɗinku, ku tabbata cajinta ya kai rabi ko fiye. Ku ajiye biro da littafin rubutu kusa, domin akwai lambobin da za mu kwafa.

Ga yadda ake gane tabulet ta cika. Kuna sauke fim ya tsaya a tsakiya. Kyamara ta ƙi ɗaukar hoto. An turo muku bidiyo ta WhatsApp ya ƙi buɗewa. Na'urar ta yi nauyi, sai an taɓa an jira. Wani lokaci rubutu ya fito a saman allo da Turanci: Storage space running out. Duk wannan ba lalacewa ba ne, kada ku kai wa mai gyara ku biya kuɗi. Wurin ajiya ne ya ƙare, kuma da hannunku za ku gyara.

Ku nemi alamar da aka rubuta Settings a ƙarƙashinta, hoton ƙaramar taya ce mai haƙora a kewaye. Ku taɓa ta sau ɗaya, taɓawa mai sauƙi, ba dannawa da ƙarfi ba. Jerin rubutu zai fito. Ku ɗora yatsa a tsakiyar allo ku ja sama a hankali har ku ga kalmar Storage. Haruffanta bakwai ne: S, t, o, r, a, g, e. Ku rubuta ta a littafinku yanzu. Masu Samsung, ku fara shiga Device care, a ciki za ku same ta.

Za ku ga lambobi biyu. Ɗaya jimlar wurin ne gaba ɗaya, kamar 32 ko 64. Ɗayar kuma abin da aka riga aka cinye, ko abin da ya rage. Idan kun ga used, wanda aka cinye ke nan. Idan kun ga free ko available, wanda ya rage ke nan, kuma shi muke nema. Ku kwafe shi a littafi, tare da haruffa biyun da ke bayansa.

Ko sabuwa fil kuka sayo tabulet mai 32, ba za ku sami 32 ɗin duka ba. Manhajar da ke tafiyar da na'urar ta riga ta ɗauki nata kason tun daga kamfani. Mai shago bai cuce ku ba.

Darasi na 2: Haruffa biyun da ke bayan lamba

A nan nake roƙon ku nutsu, iyayena da 'yan'uwana. Wanda ya riƙe wannan darasi ya gama da babin nan.

Kowane fim yana da girma, kuma ana rubuta girman da lamba, sannan haruffa biyu a bayanta. Ko dai MB, wato mega, ko GB, wato gig. Gig ɗaya ya kai kimanin mega 1,000. Ku ɗauki mega a matsayin naira ɗaya, gig kuma takardar naira dubu. Idan an ce fim 700 MB ne, naira ɗari bakwai ke nan. Idan an ce 2 GB ne, naira dubu biyu ke nan. To, wanne ya fi yawa? Babu ɗayanku da za a ruɗe shi a kasuwa da wannan lissafi. Amma a kan allo ido yakan faɗa kan 700, ya ga ta fi 2, ya wuce bai karanta haruffan ba.

Don haka ga ƙa'idarmu: haruffa tukuna, lamba daga baya. Ku ɗora yatsa a ƙarƙashin haruffa biyun. Ku dubi na farko. M ne mai ƙafafu biyu da kwari a tsakiya, ko G ne mai lanƙwasa? Idan G ne, babba ne. Idan M ne, ƙarami ne. Bayan kun tabbatar, sai ku koma ku karanta lambar.

Mu gwada tare, ku faɗa da baki. 900 MB da 1 GB: na farko M, na biyu G, saboda haka 1 GB ya fi. 350 MB da 3 GB: 3 GB ya fi, nesa ba kusa ba. 12 MB da 12 GB: lamba ɗaya ce, amma na biyu ya ninka na farko sau dubu.

Akwai kuma ɗigo. Idan kun ga 1.5 GB, ba goma sha biyar ba ce. Gig ɗaya da rabi ne, wato mega 1,500. Haka 0.5 GB rabin gig ne, mega 500. Idan kuma kun ci karo da KB, wannan kwabo ne, kada ku ɓata lokacinku a kansa.

Wani dattijo a ajinmu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na goge abu goma, har yanzu tana cewa ta cika." Da muka duba tare, ashe gajerun bidiyoyin gaisuwar Juma'a ya goge, masu 2 MB da 3 MB. Goman nan duka ba su kai mega 30 ba. A ƙasansu kuwa ga fassarar Indiya guda uku zaune, kowane ɗaya 1.2 GB, kuma duk ya gama kallonsu. Na ce, "Baba, ku dubi harafin farko." Ya sa gilashinsa, ya ɗora yatsa, ya ce, "Wannan G ne." Daga nan bai ƙara buƙatar taimakona ba. Abin da ya same shi yakan sami kusan kowa, ba abin kunya ba ne.

Ku sake komawa kan lambar da kuka kwafa a darasi na 1. Haruffa tukuna. Idan abin da ya rage muku MB ne, tabulet ɗinku ta cika maƙil, ko fim ɗaya ba lallai ya shiga ba. Idan GB ne, ku duba nawa ne. Ni dai shawarata, kada ku bari ya yi ƙasa da 2 GB, domin na'urar tana buƙatar ɗan sarari kafin ta yi aiki da sauri.

Ga wani lissafi da za ku yi a littafi. Fim mai dogon zango yana da kashi 40, kowane kashi 300 MB. 40 sau 300 ya ba da 12,000 MB. Ku cire sifili uku na ƙarshe, ya zama kimanin 12 GB. Kowane kashi ƙarami ne in an dube shi shi kaɗai, amma a haɗe sun cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na tabulet mai 32.

Darasi na 3: Gogewa

Ku koma allon farko, ku nemi alamar da aka rubuta Files, ko My Files, ko File Manager, ya danganta da irin tabulet ɗinku. Ku shiga, ku taɓa Videos. Duk fina-finan da ke ciki za su jeru, kowane da girmansa a gefe ko a ƙasa. Kafin ku taɓa komai, ku bi su ɗaya bayan ɗaya kuna karanta haruffan. M ko G? Ku rubuta sunayen masu G a littafi. Su ne suka cinye wurin.

A cikin masu G ɗin, ku zaɓi wanda kuka gama kallo. Idan sunan bai fito sosai ba, ku buɗe ku kalli farkonsa don ku tabbata shi ne. Kada ku goge abin da ba ku buɗe ba. Bidiyon bikin ɗiyarku ko na saukar karatun jikanku yana cikin wannan jeri ɗaya da fina-finan. Fim ana iya sake samunsa a kowane shago. Na gida in ya tafi, sai dai haƙuri.

Ku ɗora yatsa a kan fim ɗin, kada ku ɗaga, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku. Alamar maki za ta bayyana a jikinsa. Idan fim ɗin ya buɗe ya fara wasa, kun ɗaga yatsa da wuri ne, ku koma baya ku sake. Ba komai, kowa da haka ya fara. Da makin ya fito, ku nemi hoton kwandon shara ko kalmar Delete, ku taɓa. Za ta tambaye ku ko kun tabbata. Ku amsa.

Saura mataki ɗaya. A yawancin tabulet na yanzu, abin da aka goge ba ya fita nan take. Yakan koma wani wuri mai suna Trash, ko Bin, ko Recycle bin, ya zauna har kwana 30 ko da za a canza shawara, kuma muddin yana can, yana nan riƙe da wurinsa. Ku taɓa ɗigo uku ko layi uku da ke kusurwar sama, ku shiga can, ku duba abin da ke ciki da kyau, sannan ku taɓa Empty ko Delete all.

Yanzu ku koma Settings, ku shiga Storage, ku kwafi sabuwar lambar a ƙarƙashin tsohuwar. Haruffa tukuna. Idan da 400 MB ce yanzu ta zama 4 GB, ba raguwa ta yi ba, ƙaruwa ta yi sau goma. Na ga waɗanda hankalinsu ya tashi a daidai nan, suna cewa wurin ya koma huɗu. Ku dubi G ɗin. Madalla da ku.

Darasi na 4: Inda bidiyo ke taruwa ba ku sani ba

WhatsApp yana tara bidiyo ba tare da kun nema ba, musamman in kuna cikin guruf-guruf na dangi da na unguwa. Ku buɗe shi, ku taɓa ɗigo uku, ku shiga Settings, sai Storage and data, sai Manage storage. Zai ware muku waɗanda suka wuce 5 MB da waɗanda aka yi ta turawa. Ku goge daga manya. A wannan shafi na Storage and data ɗin kuma akwai Media auto-download. Ku cire makin da ke kan Videos, don bidiyo ya daina sauka sai kun taɓa shi da kanku.

Fim ɗin da aka turo ta Xender yana shiga foldar Xender. Sau da yawa za ku tarar fim ɗaya ya shigo sau biyu. Idan suna ɗaya ne, girma ɗaya, haruffa ɗaya, ku bar guda.

Wanda kuka sauke a cikin YouTube ko Netflix ba zai fito a Files ba. Sai kun shiga manhajar kanta, wajen Downloads, ku goge shi daga can.

A nan dole in yi magana. Wasunku mun yi wannan aiki tare, mun share, mun kwafi lamba, sati bai zagayo ba sun dawo da tabulet a cike. In an tambaya sai a ce yara ne. Haba! Wa ya miƙa wa yaran? Kun ba su na'ura tun safe har dare, suna ta jibgo wasanni da katun, ba ku taɓa leƙawa ba. Kuma har yau akwai masu miƙo mini tabulet su ce, "Malam, duba mini." Ba don in riƙa duba muku aka buɗe ajin nan ba. Kun iya karanta M, kun iya karanta G. Ku duba da kanku, in kun maƙale ku kira ni.

Darasi na 5: Memori

Yawancin tabulet masu Android suna da ramin memori a gefe. iPad ba ta da shi. Ku sayi memori a shagon da kuka sani, domin akwai na jabu da ake rubuta wa 64 GB alhali cikinsa bai kai haka ba, fina-finai su shiga su ƙi buɗewa. Arhar da ta wuce hankali abin tsoro ce.

Don mayar da fim kan memori, ku ɗora yatsa a kansa har maki ya fito, ku zaɓi Move, sannan SD card. Idan Copy kuka zaɓa, fim ɗin ya zama biyu, wurin bai ƙaru ba. Ku buɗe shi daga memorin ku ga yana wasa.

Idan kalmar Format ta fito a kan memorin da ke da kaya, kada ku taɓa. Tana share komai. Kuma ku kashe tabulet kafin ku zare memori.

Darasi na 6: A shagon turi

Kafin ku je, ku duba wurin da ya rage. Ku faɗa wa mai turi gig nawa zai sa, kada ku ce ya cika. Ku ce ya sa a memori.

In da kanku kuke saukewa, za ku ga 360p, 480p, 720p ko 1080p. Babbar lamba ta fi haske, ta kuma fi cin wuri da data. 480p ya isa kallo.

Aikin gida

Ku rubuta wanda ya fi girma: 850 MB ko 1.1 GB, 5 GB ko 500 MB, 2.5 GB ko 25 MB. Ku goge fim ɗaya mai G, ku zubar da na cikin kwandon shara, ku zo da lambobi biyu a rubuce, ta kafin gogewa da ta bayanta, kowacce da haruffanta.