Kurakuran da muke yi wajen auna yaran gad a NBA, Detroit kaɗai ta ishe mu misali

Wai jama'a me ya sa ba mu da haƙuri da yaran gad ne, wato 'yan ƙwallon kwando masu riƙe ƙwallo suna tsara wasa da jifa daga nesa? Yaro ya shigo NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, yana shekara 19, ya buga wasa goma, har an gama yanke masa hukunci a guruf, wannan ya ce tauraro ne wancan ya ce ai asarar zaɓe aka yi da aka ɗauke shi. Kuma mafi yawanmu nan ba ma kallon wasan gaba ɗaya, don ƙarfe ɗaya ko biyu na dare ake farawa, sai da safe mutum ya buɗe waya ya kalli hailait na minti uku ya leƙa maki nawa aka ci shi ke nan ya zama malami. Ni ma na yi wannan, shi ya sa nake maganar. Bari in ɗauki Detroit Pistons, don a 'yan shekarun nan babu irin kuskuren da ba a yi a kan yaransu ba, Killian Hayes da Cade Cunningham da Jaden Ivey.

Na farko kuma uban duka shi ne kallon maki. In ƙungiya ba ta da kowa dole wani ya yi ta jifa, ƙwallon ba za ta jefa kanta ba, to wanda aka damƙa wa zai tara maki 17 ko 18 ko da rabin jifansa duk ƙarfe yake duka. Ku tuna Michael Carter-Williams na Philadelphia, wasansa na farko a 2013 da Miami ya ci 22, ya bayar da fas 12 da suka zama ci, ya sace ƙwallo 9, duniya ta ɗauka. Ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a 2014, amma ƙungiyar wasa 19 kacal ta ci a cikin 82, kuma kafin a ce kwabo an tura shi Milwaukee a 2015, daga nan sai gangara. Haka a 2010 Tyreke Evans ne ya ɗauki wannan kyautar, Stephen Curry ya zo na biyu. To yau wa ake magana? Gyaran mai sauƙi ne, duk lokacin da ka ga maki ka tambayi jifa nawa ya yi kafin ya same su, sau nawa ya je layin jifan fawul (jifan kyauta da ake ba wanda aka yi wa keta), sau nawa ya ɓarar da ƙwallo. Maki 20 a jifa 22 ba ɗaya ba ne da maki 20 a jifa 13.

Amma kuma akwai kishiyar wannan, wadda ita ce aka yi wa Cade, kuma ita ta fi ba ni haushi. An ɗauke shi na ɗaya a diraf na 2021 (zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi duk shekara), kakarsa ta biyu wasa 12 kawai ya buga aka yi masa tiyata a ƙwauri, ya dawo a kakar 2023-24 ya tarar da ƙungiyar da ta sha kashi sau 28 a jere, suka ƙare da nasara 14 rashin nasara 68. Nan fa mutane suka ce ai makinsa na banza ne, ba ya sa a ci wasa, ɓarar da ƙwallo ya yi masa yawa. To malam ka kalli filin mana! Gad yana buƙatar sarari kamar yadda direba ke buƙatar titi, in abokan wasansa ba sa iya jifa mai maki uku to masu tsaron abokan hamayya ba su da dalilin fita waje, sai su taru a ƙarƙashin kwando su jira shi, ya shigo ya tarar da mutum uku, ya miƙa wa na gefe wanda yake shi kaɗai, shi kuma ya jefa ta ƙi shiga, a takarda sai a rubuta Cade bai yi komai ba. A daren da suka yi rashin nasara na 27 a jere da Brooklyn, 41 ya ci. Me kuma ake so ya yi?

Da aka zo kaka ta gaba aka kawo koci J.B. Bickerstaff, aka kawo Malik Beasley da Tim Hardaway Jr. da Tobias Harris, manya waɗanda ba a barinsu su kaɗai a bayan layin jifa mai maki uku (Beasley kaɗai ya zura masu maki uku sama da 300 a kakar), sai ga Detroit da nasara 44, Cade yana cin 26 da fas 9 a kowane wasa, ya shiga All-Star (wasan zaɓaɓɓun taurarin gasar), suka je filof (zagayen fitar da gwani na bayan kaka) har suka ci wasan filof na farko tun 2008 duk da Knicks ta fitar da su 4-2. Shin yaron ne ya canza dare ɗaya? Ya ƙaru, eh, amma da 22 da fas 7 yake yi a kakar da ake zaginsa. Titin aka buɗe masa. Don haka kafin ka ce gad ya gaza, ƙirga mutum nawa a cikin huɗun da ke tare da shi ake jin tsoron jifansu. In ba su kai biyu ba, ka ajiye hukuncinka tukuna.

Sai gaggawa. Lamba ɗaya, wato mai riƙe ƙwallo yana tsara wasa, ita ce gurbin da ya fi wuyar koya, dole ya san inda mutum tara suke a fili, ya karanta yadda ake tare shi in an kafa masa shinge (wato abokin wasansa ya tsaya ya tare mai tsaronsa), ya san yaushe zai ruga yaushe zai lafa. Steve Nash maki 3 yake ci a kakarsa ta farko a Phoenix, ya zo ya zama MVP, wato gwarzon ɗan wasan kaka, a 2005 da 2006. Chauncey Billups an ɗauke shi na uku a 1997, Boston ba ta ma bari ya ƙarasa kaka ɗaya ba ta tura shi Toronto, ya yi ta yawo Denver, Minnesota, sai a Detroit ɗin nan ya zauna ya zama gwarzon wasan ƙarshe a 2004. Darius Garland ma kakarsa ta farko a Cleveland abin tausayi ce, a ta uku yana All-Star.

To amma a nan ne wasu ke faɗawa ɗaya ramin, su ce ai haƙuri kawai za a yi ta yi, mahaƙurci mawadaci. A'a. Haƙuri da ido a rufe ba haƙuri ba ne. Killian Hayes an ɗauke shi na bakwai a 2020 daga ƙungiyar Ulm ta Jamus, yana da tsawo, yana tsaro, yana ganin fas, amma shekara huɗu jifansa mai maki uku bai taɓa kaiwa kashi 30 cikin ɗari a kaka ba, kuma shekara huɗun nan magoya bayansa na cewa bari ka ga baɗi. A Fabrairun 2024 aka sallame shi. Abin takaicin ma a wannan diraf ɗin Tyrese Haliburton na 12 aka ɗauka, Tyrese Maxey na 21. Bambancin Garland da Hayes ba yawan shekarun da aka ba su ba ne, Garland kowace kaka kana iya nuna abu da yatsa ka ce wannan bara ba ya yi bana yana yi. Hayes kuwa jiya i yau. Abin da nake yi yanzu, in zaɓi abu ɗaya ko biyu da yaro ya rasa, misali ƙarasawa da hannunsa mara ƙarfi ko jifa bayan diribil, in duba shi a Nuwamba in sake dubawa a Maris. In ya motsa ko kaɗan ne ina tare da shi. In shekara uku bai motsa ba to gaskiya ɗaya ce.

Wani abu da ba mu cika lura da shi ba shi ne laifin ƙungiya. Yaro ba ya girma a benci. A waccan kakar ta 14-68 koci Monty Williams ya fara da Hayes a cikin biyar na farko, Ivey da ya ci maki 16 a kowane wasa a kakarsa ta farko yana zaune yana kallo, mintunansa yau sama gobe ƙasa, sannan a zo a ce Ivey ya ja baya. Ta yaya ba zai ja baya ba? Da aka ba shi gurbi tsayayye a kakar 2024-25 yana cin 17 da wani abu, jifansa na nesa ya haura kashi 40, kafin ya karye a ƙafa ranar 1 ga Janairun 2025. Amma a nan ma in ja kunnenku, wasa 30 ne kawai, kuma jifan nesa abu ne mai hawa da sauka, mutum kan yi wata biyu hannunsa na zafi ya dawo gidan jiya. In kana son sanin ko hannun yaro na gaske ne ka duba jifan fawul ɗinsa, shi ne ba mai tare shi, ba gudu ba tsalle. Cade tun farkonsa yana zura sama da 8 a cikin 10 a can, shi ya sa ban taɓa damuwa da hannunsa ba ko lokacin da na nesa ke ƙin shiga.

Gasar bazara ta Las Vegas da ake yi a Yuli kuwa kada ma ka ɓata bakinka, rabin waɗanda ke fili ba za su taɓa samun kwantiragi ba, kowa na jifa don a gan shi.

Akwai kuma masu cewa gad biyu masu son ƙwallo ba sa zama inuwa ɗaya, dole a sayar da ɗaya. Da wannan tunanin Sacramento ta riƙe De'Aaron Fox ta tura Haliburton Indiana a 2022, shi kuma ya kai su wasan ƙarshe a 2025. Wanda ya doke shi a can, Shai Gilgeous-Alexander, a kakarsa ta farko a Oklahoma tare da Chris Paul da Dennis Schröder ya buga, gad uku a fili lokaci ɗaya, a nan ya koyi wasa ba tare da ƙwallo a hannu ba. Tambayar da ya kamata ka yi ita ce in ƙwallon na hannun ɗayan shi me yake yi, yana tsaye kamar turke ne ko yana zagawa yana neman sarari, kuma in an dawo tsaro wa zai iya tarewa. Tsaron nan fa hailait ba ya nuna shi sam, sai ka samu cikakken wasa ko kwata ɗaya ce, ka daina bin ƙwallo da ido ka bi yaron kawai, ka ga ko yana maƙalewa a shinge, ko yana mance mutuminsa a kwana. Ni ranar Lahadi nake yin haka in na samu data, kwata ta uku na fi zaɓa, lokacin da kocin ɗaya ɓangaren ya riga ya gano inda yaron ke da rauni ya fara turo masa mutane.