Kurakuran da masu gida ke yi har himmar ma'aikata ta mutu

Daga Birnin Kebbi zuwa Jega, duk majalisar da masu injin shinkafa ko masu makarantun kuɗi suka haɗu, kukan ɗaya ne: "Yaran yanzu ba su son aiki." Na yi shekaru ina riƙe da littafin lissafi a wani injin gyaran shinkafa, na kuma ga shigar ma'aikata da fitarsu, don haka nakan tambayi mai wannan kuka abu guda. Yaron nan, a makonsa na farko, yaya yake? Amsar ba ta canzawa: yakan riga kowa zuwa, yana share wuri tun ba a sa shi ba. To, himmar da ya zo da ita, a hannun wa ta mutu?

Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma lamuni na Anchor Borrowers a Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, injinan shinkafa manya da ƙanana suka yawaita. Ɗan kasuwar da jiya shi da yaro ɗaya ne a rumfa, yau yana da mutum ashirin ko talatin a ƙarƙashinsa. Injin ya zo da wanda zai koya masa kunnawa. Riƙon mutane kuwa babu wanda ya koya masa, sai yake ta maimaita kurakurai iri ɗaya da maƙwabcinsa.

Na farko, wanda ya fi kowane ɓarna, shi ne wasa da ranar biya. Wata ya ƙare, a ce sai an sayar da kaya. Ranar biyar ga wata a ce Alhaji ya yi tafiya. Ranar goma a ba da rabi. Maigida yana ganin ai ƙarshe dai ya biya, bai ci haƙƙin kowa ba. Bai san cewa a cikin kwana goman nan ma'aikacinsa ya ci bashi wurin mai shago, ya ɓuya wa mai gidan haya, ya kasa kallon matarsa ido da ido ba. Mutumin da hankalinsa ke kan abin da za a ɗora a murhu da yamma, gangar jikinsa kawai ke gaban inji. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito, cewa a ba ɗan ƙwadago ladansa tun guminsa bai bushe ba, kusan kowa ya haddace shi, aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

Gyaran ba wuya. Tsayar da rana ɗaya, ka faɗe ta, ka rubuta ta, ka ware kuɗin albashi kafin ka sayi buhun shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ko ɗaya. In wata ya zo da matsi, tara su tun kafin ranar ka gaya musu gaskiya, sannan ka fara biyan masu ƙaramin albashi, mai gadi da 'yan shara, manaja ya zo a ƙarshe. Kada kuma a ga sabuwar mota a ƙofar gidanka alhali ana bin ka albashi. Wannan rana ba ta fita daga zuciyar ma'aikaci. Haka yankan albashi babu gargaɗi. In akwai laifin da ke jawo yanka, a san shi tun ranar ɗaukar aiki, a kuma yi wa kowa daidai.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta watan Yulin 2024 ta sa naira 70,000, kuma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Da yawa sun fake a nan. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, mai kabu-kabu ba ya tambayar ma'aikacinka ko ku nawa ne a wurin aiki kafin ya faɗi kuɗinsa. In ba za ka iya ƙari ba, duba abin da za ka iya: abincin rana, kuɗin abin hawa, karyayyiyar shinkafa a farashin sari.

Kuskure na biyu yana faɗa wa wanda ya tsallake na farko. Yana biya a kan lokaci, yana raba shadda da buhu da salla, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Frederick Herzberg, ya nuna tun 1959 cewa abin da ke hana ma'aikaci ɓacin rai daban yake da abin da ke sa shi son aikinsa. Albashi da yanayin wurin aiki suna kashe ƙorafi. Son aiki kuwa yana tsirowa ne daga a ba mutum amana, a ga abin da ya yi, ya kuma ga yana gaba. Na ga gaskiyar wannan da idona. Yaron da ke kan injin cire tsakuwa yini guda yana kallon shinkafa tana wucewa, bai taɓa jin inda take zuwa ba. Ranar da wata dillaliya ta aiko cewa shinkafarmu ce kaɗai ba ta sai an tsince ta ba, aka kira shi aka faɗa masa a gaban kowa. Daga ranar, ko cokali ɗaya na tsakuwa ya gani a buhu, sai ya sa an kwance ɗinki. Ba a ƙara masa ko sisi ba a lokacin. Saƙon yabo da abokan ciniki ke aikowa, kada ya tsaya a wayar maigida, a kai shi ga hannun da ya yi aikin.

Sai kuskuren da ya fi ci mini rai, wato faɗa a bainar jama'a. A ƙasarmu mutum yakan haƙura da yunwa, amma ba ya manta ranar da aka zubar masa da mutunci. Akwai wani dattijo da ke kula da injinmu, a shekaru ya isa ya haifi manajan da ke kansa. Wata rana ya tsayar da inji don ya ji ƙarar da bai yarda da ita ba, ga motoci suna jiran lodi. Manajan ya zo ya wanke shi tas a gaban 'yan dako, har da cewa in ya gaji ya koma gida ya kwanta. Dattijon bai ce komai ba sai "Allah shi ba ka haƙuri." Bayan wata biyu ƙarar ta dawo. Ya ji ta sarai, ya yi shiru. Injin ya tsaya mana kwana tara a tsakiyar kakar noman rani, lokacin da shanshera ke shigowa daga Suru da Augie babu ƙaƙƙautawa. Da na same shi a gefe na ce, "Baba, ba ka ji alamar ba?" sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, wancan karon da na ji, mi na samu?"

Kamfanin Toyota ya shahara da ba kowane ma'aikaci ikon jan igiya ya tsayar da layin haɗa mota in ya ga matsala, kuma shugaban sashe yakan zo ne don ya taimaka. Sun gane cewa wanda hannunsa ke kan aiki shi ke fara ganin ɓaraka. Mu ma muna da maganar, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka in za ka yi gyara, ja mutum gefe, ka faɗi abin da ya yi ba tare da ka taɓa asalinsa ko iyayensa ba, ka kuma bar shi ya faɗi nasa. Wanda ya kawo maka labarin matsala, fara da yi masa godiya ko da labarin ya ɓata maka rai. In kai ka yi kuskure a gaban mutane, a gabansu za ka ba da haƙuri. Girmanka ba ya raguwa.

Ɗan gaban goshi ma yana kashe wuri. Ba laifi ba ne ka ɗauki ɗan yayarka aiki, zumunci ne. Laifin shi ne ya zo ƙarfe goma ba a ce masa uffan ba, wani ya makara da minti goma a yanke masa. Mafi muni shi ne ajiye mai kawo tsegumi. Da zarar ma'aikata sun gane akwai kunnen maigida a cikinsu, hira ta mutu, shawara ta mutu, sai aikin ganin ido. In magana ta zo maka a kan wani, kira su biyun tare. Sau biyu za ka yi haka masu kawo gulma su daina.

Akwai kuma maigidan da ya rataye duk makullai a aljihunsa. Bel ya tsinke, sai Alhaji ya zo. Gas ya ƙare a janareta, sai Alhaji ya ɗaga waya, shi kuwa yana wurin ɗaurin aure a Argungu. Mutum goma sha biyar suna zaune a inuwa, gobe kuma a ce musu malalata. Wanda ba a yarda ya yanke shawarar naira dubu biyar ba, ba zai ɗauki wurin kamar nasa ba. Yanka wa kowane shugaban sashe iyakar abin da zai kashe ba tare da ya tambaye ka ba, ya kawo rasit da yamma. Za a yi kuskure a farko. Kuɗin wannan kuskure bai kai na yinin da inji ya yi a kashe ba.

Kusa da wannan akwai ɗaga wanda ya fi kowa iya aiki a mai da shi shugaba rana ɗaya, ba tare da an zauna da shi ba. Gwanin inji ba lalle ya iya da mutane ba. Riƙe shi kusa da kai wata biyu ko uku, ya ga yadda kake raba aiki da sasanta rigima.

Ƙananan abubuwa ma suna magana. Randar ruwan sanyi a zafin Afrilu, takunkumin hanci ga masu aiki cikin ƙurar buntu, lokacin salla da ba a ƙirga shi a matsayin satar lokaci, sassauta aiki da rana a watan azumi, zuwa gaisuwa in an yi wa ma'aikaci rasuwa. Matan da ke turara shinkafa a bakin wuta su aka fi mantawa, alhali ingancin buhu daga hannunsu yake farawa.

Na bar maganar gobe a ƙarshe don ita masu gida suka fi gudu. Iyayenmu 'yan kasuwa suna da al'adar sallama: yaro ya yi shekaru yana hidima, ya san ranar da za a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa, shi ya sa yake tsare dukiyar maigida kamar tasa. Yanzu an ɗauki tsarin albashi, an yar da sallama, ba a kuma kawo komai a madadinta ba. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa wurin da ke da ma'aikata 15 ko fiye ya zuba kwatankwacin kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci a asusun fanshonsa, ma'aikaci ya zuba kashi 8, amma ƙananan wurare kaɗan ne ke yi. Wasu har ɓoye sana'a suke, wai kada yaro ya iya ya gudu.

Zauna da kowane ma'aikaci, shi kaɗai, ko sau biyu a shekara. Tambaye shi abin da yake son ya iya nan da shekara biyu. Ɗan dako mai son koyon inji, ba shi awa ɗaya a mako kusa da mai inji. Mai son tuƙi, taimaka masa ya yi lasin. Wanda ya kai shekara bakwai ko takwas kuma yana son buɗe nasa, ba shi buhu ashirin bashi ya fara sari a garinsu, Zuru ne ko Yauri, ya riƙa ɗauka a wurinka. Ka rubuta alkawarin a takarda, da shaidu biyu da kwanan wata, ka ba shi kwafi ya ajiye.