Ta ina za ka fara aikin lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin al'umma

Shekara goma sha huɗu ke nan ina jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma da wuya wata ya wuce ɗalibi bai tare ni da tambayar nan ba: "Anti, ta ina zan fara?" Kullum nakan ce masa ya fara daga asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu, domin nan ne talaka yake iya zuwa da ƙafarsa.

Batun takarda ba shi da wahalar bayani. Wanda ya yi makarantar koyon aikin lafiya ya fito jami'in lafiyar al'umma ya riga ya tsaya a bakin ƙofa. Mai takardar jinya kuma yana iya ƙara karatun jinyar ƙwaƙwalwa a manyan asibitocin tarayya irin na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri. Digiri na biyu kan lafiyar al'umma, a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero, shawarata ka jinkirta shi sai ka yi shekara biyu ko uku kana ganin marasa lafiya, saboda a lokacin ne za ka san abin da ka je nema. Abin da ba zan ce ka jinkirta ba shi ne horon mhGAP, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shi a 2008 don ƙaramin ma'aikaci ya iya gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali, ya san wanda zai iya kula da shi da wanda zai tura gaba.

Sai kuma kunne. Babu mai zuwa ya ce maka yana da ciwon damuwa. Abin da za ka ji shi ne "kaina na ɗaukar zafi", "wani abu na yawo a jikina", "zuciyata ba daɗi", "barci ya ƙaurace min". Ba na mantawa da wata mai jego da ta zo sau huɗu ana ba ta maganin zazzaɓi. Na lura jaririn yana kuka a cinyarta, ita kuwa bango take kallo. Na roƙi uwar mijinta ta ɗan ba mu wuri, na ce, "Ƙanwata, yaushe rabonki da ki ji daɗin wani abu?" Sai hawaye. Tun ranar suna take jin da ma ba a halicce ta ba, kuma ba ta faɗa wa kowa ba don kada a ce ta yi wa Allah butulci. Ka tanadi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta irin waɗannan kalmomi. Nawa ya fi kowane littafin makaranta yi mini amfani.

Kada ka ja daga da malamai masu ruƙiyya ko masu maganin gargajiya. Kafin iyali su zo wurinka sun je can, kuma idan sun bar wurinka can za su koma. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka a Aro, kusa da Abeokuta, inda ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Ni dai nakan je da kaina in gaida malam, in durƙusa, in ce, "Allah gafarta malam, a ci gaba da addu'a, mu kuma ga ƙwayar da za ta sa ya samu barci." Yawancinsu suna amsa mini da fara'a. Inda ba na sassautawa shi ne ɗaure mutum da mari da kuma duka. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Saboda haka ka karanta Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ka san haƙƙin mara lafiya da ke cikinta yadda za ka iya bayyana wa mai unguwa da Hausa.

Shugabanci kuwa a kwamitin raya mazaɓa ake koyon sa, kan tabarma, tare da dagaci da liman da ungozoma da shugabar mata. Ka je musu da lissafi a hannu: masu farfaɗiya nawa ke cikin rajistarka, nawa suka daina zuwa, me ya hana su. Da na bi nawa gida-gida, na tarar yawancinsu kuɗin mota da kuɗin magani ne suka tsayar da su. Da wannan takarda muka samu kwamiti ya tara ɗan jari, muna sayen magani da yawa muna sayarwa a farashin sari, kuɗin na juyawa. Ka kuma duba su wa ba ka gani sam a layin: matan kulle, almajirai, Fulanin ruga, samarin da ƙwaya ta kama waɗanda kunya ke hana su shigowa da rana.

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne, kuma yawancinsu suna manyan birane, don haka dole ka koyar da wasu. A Zimbabuwe Dakta Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. Na ɗauki darasin, na zaɓi dattijai mata uku da unguwa ke jin maganarsu, na koya musu sauraro da riƙe sirri da alamun da ke nuna a kira ni nan take, musamman idan mutum ya fara zancen kashe kansa. Duk ranar awo suna zama a ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakin magani, ni kuma ranar Alhamis nakan zauna da su mu bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, mu ga wadda ba ta dawo ba, mu sa wadda za ta leƙa gidansu.