Kurakuran da masu koyon dabul bes na jaz suka fi yi, da gyaransu

Dabul bes shi ne ƙaton gogen nan na Turawa mai tsirkiya huɗu (E, A, D, G) da ake kaɗawa a tsaye. A kiɗan jaz shi ke riƙe da lokaci, kuma a nan ne masu koyo suka fi zamewa. Da zarar mutum ya ji shahararren makaɗin bes Scott LaFaro yana gudu da yatsu sai ya ce shi ma haka zai yi, alhali abin da ƙungiya ke nema wurinsa bugu huɗu ne daidai wa daida a kowace gaɓar kiɗa. Makaɗin bes Ron Carter, wanda ya yi aiki da mabushin kakakin jaz Miles Davis daga 1963 zuwa 1968, ya shiga kundin Guinness a 2015 da ɗaukar sauti 2,221. Ba a yi wa mai karkataccen lokaci irin wannan yawan kira zuwa ɗaukar sauti. Gyara: kunna metironom (na'urar da ke ƙirga bugu) a hankali, ka ɗauki ƙararsa a matsayin bugu na 2 da na 4, ka sa tushen kod (sautin da aka gina haɗin sautuka a kansa) a bugu na 1, a na 4 kuma ka taka sautin da ke dab da tushen kod na gaba.

Hannun dama: kada ka tsinci tsirkiya da kan yatsa kamar jita, sauti siriri za ka samu. Kwantar da gefen manuniya a kanta, ka ja da nauyin hannu har yatsan ya sauka kan tsirkiyar da ke kusa. Bororo zai fito. Minti 20 kullum ya fi awa uku a rana guda har kanta ta zauna. Ƙure amfilifaya ba ya gyara mataccen sauti, tona shi yake yi.

Hannun hagu: wuyan ba shi da alamomi, tsawon tsirkiya kuma ya kai santimita 105. A ɓangaren wuya da ke kusa da kan gogen yatsu uku ake amfani da su, na 1 (manuniya), na 2 (na tsakiya) da na 4 (ƙaramin yatsa), na 3 yana tallafa wa na 4. Shaƙe wuyan da babban yatsa na jawo ciwon jijiya. Ajiye shi a baya, saitin yatsa na 2. Yin atisaye da bakan goge, ko da ba ka sonsa, shi ke fallasa sautin da ya kauce.

Sai kayan kansa. Kada ka kwance tsirkiyoyi huɗun lokaci guda: akwai siririn ginshiƙin katako a ciki wanda matsi kaɗai ke riƙe da shi, in ya faɗi sai an nemo mai gyara. Canja su ɗaya-ɗaya, kana duba jakin da suke kai, domin yakan sunkuya wajen wuya in ana ɗaurewa. Busasshiyar iska irin ta hunturu tana tsaga katakon, don haka a ajiye shi inda danshi yake kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari.